Layi Uku da Rabi a Bangon Iya

Nura, daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da gari ya waye nake juya shi a raina ya ƙi kwanciya. Ka san ni tun muna makaranta, ba na cikin masu sammakon neman malami don sun ga maciji a barci. In na yi mafarki nakan ce tuwon dare ne ya yi yawa, in sha ruwa in kama gabana. Wannan dai ya ƙi tafiya. Shi ya sa na zauna nake rubuto maka, tunda kai ka zauna gaban mahaifinka ka yi karatun littattafai, ni kuwa ban gaji komai ba sai surutu. Ka karanta har ƙarshe kafin ka fara yi mini dariyar nan taka.

Na gan ni a gindin dutsenmu da hantsi. Kai ba ka taɓa zuwa garinmu ba duk alkawuran da ka sha yi, to bari in sa ka a hanya. Garinmu biyu ne. Akwai na ƙasa, a bakin titi, inda muke zaune yanzu da kwanonmu da simintinmu da shagon cajin waya. Akwai kuma na kan dutse, wanda muke ce wa Sama, tsohon birni mai ganuwar duwatsu da ƙofofi uku, wanda kakannin kakanninmu suka gina tun zamanin da mutum ba ya kwana a fili saboda mahara. Da aka samu zaman lafiya, titi ya zo, rijiyar Sama kuma ta fara ja da baya, sai mutane suka riƙa sauka gida-gida har wurin ya zama kufai. Yanzu baƙi ne ke hawa su gani: ɗalibai, da ma'aikatan birni ranar hutu, jefi-jefi da Turawa da manyan hulunansu. Ni ne ɗan jagoransu. Shekara tara ke nan ina hawa dutsen nan da baƙi ina sauka, da shi nake ci da iyalina.

To a mafarkin ga ni tsaye da hulata da sandata, sai wata doguwar mota fara ta tsaya a gabana, ba direba a ciki. Baƙi suka yi ta fitowa, suka yi ta fitowa, sun fi ƙarfin motar nesa ba kusa ba. Kowa ya cire takalminsa ya riƙe a hannu kamar za a shiga masallaci. Ban tambayi dalili ba. Na faɗa musu abin da nake faɗa kullum, "Sannunku da zuwa, a bi a hankali, dutsen yana da santsi," muka kama hawa.

Hawan da yake cin rabin awa, har da tsayawa masu tumbi su huta, taku kaɗan muka yi sai kawai ga mu a Ƙofar Gabas. Garin kuma ba kufai ba ne. Kowane ɗaki da rufinsa, kowane soro a tsaye, hayaƙi yana tashi daga tsakar gidaje. Ana daka a wani gida, ina jin luguden taɓare biyu. Warin rini yana tasowa daga marina, ramukan da a zahiri ba komai cikinsu sai ƙadangaru. Wani tsoho yana tari a wani zaure. Amma ba mutum ko ɗaya. Murya ce kawai, da motsi, da inuwa tana wucewa a ƙasa ba mai ita. Wata inuwa ɗauke da tulu ta ratsa ta tsakiyarmu, baƙin suka matsa suka ba ta hanya. Ba su yi mamaki ba, ni ma ban yi ba. Na ci gaba da bayanina, nan ne kasuwa take ci, nan ne masu gadi suke kwana.

Na kai su kan ganuwa, wurin da ake hango karkara, inda kowa yake tsayawa ɗaukar hoto. Daga nan ana ganin gonaki har inda ido ya gaji, da fadama, da bishiyoyin ɗorawa ɗai-ɗai, da rafin da ya lanƙwasa ya bi ta bayan garin ƙasa. A mafarkin kowace kusurwa da lokacinta. Ta gabas shuka ce ta fito kore shar. Ta kudu dawa ta nuna, ana yanka. Ta yamma an gama komai, sai karare da shanu suna kiwo a ciki. Garin ƙasa kuwa babu shi sam, ko titin babu. Wata mata mai ɗan littafi a hannu ta tambaye ni wanne ne na gaskiya a cikin lokutan nan. Na ce duka. Ta rubuta.

Sai kawai muka tsinci kanmu a ƙofar ɗakin. A nan dole in dakata da mafarkin in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa da bakina ba, in ba haka ba sauran ba zai yi maka ma'ana ba.

A Sama akwai ɗaki guda ɗaya da rufinsa bai faɗi ba, a cikin tsohon gidanmu yake. Bangonsa na ciki zane ne tun daga ƙasa har rufi. An ja layuka da yatsu a kan ɗanyen yabe, suna tafiya suna lanƙwasa suna shiga juna, an bi wasu da farar ƙasa, wasu da ja, wasu da shuni. In rana ta shigo ta taga da hantsi sai ka ga kamar bangon yana motsi. Shi ne abin da baƙi suka fi so a garin kaf, ya fi musu ganuwa, ya fi musu tsohon masallaci. Na ga mutanen da suka shigo suna surutu suka fita shiru. Kuma in ka lura, layukan tare suke tafiya huɗu-huɗu: uku masu zurfi, na huɗun kuwa yana fitowa yana ɓacewa, kamar rabin layi.

Kakata ce ta yi shi, Nura. Iya, mahaifiyar babana, wadda yanzu haka tana tsakar gidanmu na ƙasa tana faɗa da kaji. Babanta magini ne, ta tashi tana kallon hannunsa. Shekarar da aka kai ta ɗakin miji a Sama ta yi wa ɗakin wannan ado, ta ce ita ba za ta kwana tana kallon bango tsirara ba. Rabin layin kuwa yatsanta ne. Tana yarinya ta sa hannu a turmi za ta juya gero, yayarta ta sauke taɓarya, wanzami ya ƙarasa sauran. Yatsanta na nuni guntu ne, iya gaɓa ɗaya da ɗan abu, shi ya sa in ta ja hannu a yabe ba ya taɓa bango sai ta danna. Ko bayan da aka sauko ƙasa, duk kaka biyu ko uku sai ta hau da ƙwaryarta ta sabunta yaben, ta bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa ya riƙe ƙasa, ta sake jan layukan da suka shafe. Abin da ya sa ɗakinta yake tsaye alhali na maƙwabta sun kwanta ke nan.

A shekarata ta farko da aikin nan, wani dogon mutum mai kyamara ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya daɗe yana kallon bangon. Can ya ce, "Wannan ya kai shekarun ganuwa?" Na ga yadda idonsa yake ƙyalli. Na san in na ce masa kakata ce ta yi, tana ƙasa tana tankaɗe, ƙyallin nan zai mutu. Sai na gyaɗa kai. Gyaɗa kai kawai na yi, wallahi. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki. Mako na gaba na ƙara da cewa ba a san wanda ya yi ba. Bayan wata guda wani ɗalibi ya tambaye ni ma'anar layi uku da rabi, sai na ji bakina yana cewa ukun ƙofofin birni ne, rabin kuwa wata ɓoyayyiyar ƙofa ce da mata da yara suke fita ta ciki in an kewaye gari da yaƙi. Babu wata ƙofa. A tsaye na ƙirƙire ta, har ni kaina sai da ta burge ni.

Tsofaffin da suka san gaskiyar maganar yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage, 'ya'yansu ne ke sayar wa baƙi fura da gyaɗa a gindin dutse, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Shugaban kwamitin da ke kula da Sama kuwa, Malam Idi, tsohon hedimastan firamaren garinmu, ba ɗan garin ba ne, aiki ya kawo shi ya zauna. Mutumin kirki ne, shi ya ba ni aikin, kuma ya ɗauki maganata kamar yankan wuƙa. Shekara huɗu da suka wuce ya sa aka ɗaura igiya a ɗakin, ya kafa doka kada hannun kowa ya ƙara taɓa bangon, kayan tarihi ne. Da Iya ta ji labari ta tambaye ni igiyar mece ce a ɗakinta. Na ce saboda awaki ne. Kakar farko da ta ce in raka ta, na ce hanya ta lalace. Ta biyu na ce ta bari gwiwarta ta yi sauƙi. Ta uku na ce baƙi sun yi yawa, sai sun ragu. Tun daga ranar da aka ɗaura igiyar nan ɗakin bai ga yabe ba. Bangon yana zuba, kullum sai na share garin ƙasa kafin baƙi su iso, kusurwar gabas kuma ta tsage, tsagar tana cin yatsa.

Yanzu kwamiti ya yanke za a kafa allon ƙarfe a bakin ɗakin, a sa ƙofar waya da kwaɗo, a riƙa leƙe daga waje. Malam Idi ya ce ni ɗan gidan in rubuta abin da za a sa a allon. Na rubuta: zanen mutanen da, ba a san wanda ya yi shi ba. Gobe Alhamis zan kai wa mai fenti, ranar kuma za a sa kwaɗon. Takardar tana aljihun rigata tun shekaranjiya. To ka ji, mu koma mafarki.

Muka shiga ɗakin, kuma duk yawan baƙin nan ya ɗauke mu, ɗakin da mutum shida suke cika shi. Igiyar tana nan. A bayan igiyar Iya ce zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, da ƙwaryar kwaɓaɓɓiyar ƙasa a gabanta. Fuskarta ta yanzu ce, hannuwanta kuwa na budurwa ne, sumul, har da lalle. Yatsan dai guntu ne kamar kullum.

Baƙin suka shiga ɗaukarta hoto haɗe da bangon. Ba wanda ya gaishe ta. Matar nan mai littafi ta nuna ta da biro ta ce, "Wannan fa, ta wane zamani ce?"

Na ji muryata, irin wadda nake sawa in ina aiki, mai ɗan kauri, tana cewa, "Ta mutanen da ce, ba a san wanda ya yi ta ba."

Suka gyaɗa kai. Wani daga baya ya ce an adana ta da kyau.

Iya ta ɗago ta dube ni. Ka san wasan kaka da jika, tun ina goye take ce mini maigidanta. Ta ce, "Maigida, miƙo mini ruwa, ƙasar tana bushewa."

Da gorar ruwa a hannuna, cike. Ban miƙa ba. Kada ka ɗauka irin abin nan ne na mafarki da ƙafa take yin nauyi ko murya ta maƙale. Lafiyata ƙalau. Na dubi baƙin, na dubi igiyar, na ci gaba da yi musu bayanin yadda mutanen da suke samun shuni.

Sai kawai ɗakin ya zama aji. Bangon dai yana nan da zanensa, amma ga bencuna, baƙin sun zauna a jere da takalmansu a cinya, ga Malam Idi tsaye da rajista yana kiran suna. Ya ce, "Wanda ya ɗora dutsen farko a Ƙofar Gabas." Wata murya daga waje ta faɗi sunanta ta ce, "Ga ni." Ya yi maki. Ya ce, "Wanda ya haƙa rijiya." Muryar wannan daga ƙarƙashin ƙasa ta fito, a sanyaye, ta amsa. Ya kira wanda ya fafe ramukan marina, ya kira wadda ta dasa tsamiyar bakin masallaci, ya kira wanda ya sassaƙa matakala a jikin dutse. Duk abubuwan da na shekara tara ina cewa ba a san masu su ba, kuma su da gaske ba a sani ba, kowanne ya amsa da sunansa da na ubansa. Na yi ta ƙoƙarin riƙe sunayen saboda za su yi mini amfani a wajen aiki, ko ɗaya bai zauna mini ba.

Daga ƙarshe ya ce, "Mai zanen ɗaki."

Iya ta ce, "Ga ni."

Bai ji ba. Ya sake kira. Ta ce, "Ga ni nan, Malam." Ya dube ni ta saman rajistar, irin kallon da yake yi mana muna aji huɗu, ya ce, "Ɗan gida, wa ke da shi?"

Na ce, "Ba a sani ba, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Fashi," ya ja jan biro.

Yana jan biron sai layukan bango suka fara saukowa. Bangon bai rushe ba. Layukan ne suke sulalowa a hankali kamar taliya daga faranti, fari da ja da shuɗi, su taru a gindin bango. Baƙin suka tashi suna tsinta, kowa yana zubawa a cikin takalminsa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa suka riƙo takalman. Ba hayaniya, har layi suka bi, wani yana ce wa wani bismilla. Iya tana ta ɗibar ƙasa tana shafawa a inda ya zube, ƙasar ta riga ta bushe, tana zubowa ta tsakanin yatsunta. Ba ta sake neman ruwa ba. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa a fita ta dama, kada a ture juna.

A waje matar mai littafi ta tare ni ta ce, "Saura ɓoyayyiyar ƙofa. Tana cikin abin da aka ce za mu gani." Sauran suka ce haka ne. Nan ne kaɗai na ji tsoro a mafarkin kaf, kuma tsoron ɗan jagoran da za a kama ne, ba wani abu ba. Na ce to ku biyo ni, ina tafe ina saƙa ƙaryar da zan ɗora a kan ta farko. Sai na ji ɗan nauyi a bayana. Ashe Iya ce a goye, an ɗaure ta da zane, ban san wanda ya ɗaura ba. Ba ta fi kwandon da ba komai a ciki nauyi ba. Ta sa haɓarta a kafaɗata tana nuna mini hanya da ita, in ta danna dama in yi dama, in ta danna hagu in yi hagu. Muka bi ta bayan marina, muka wuce wasu rumbuna, muka shiga wani lungu da ban taɓa gani ba, a garin da na san kowane dutsensa. Ƙarar dakan nan ta ɗazu ta tsaya.

Sai kawai ga ƙofar. A jikin ganuwar arewa take, inda a zahiri ba komai sai sarƙaƙiya. Gajeriya ce, iya ƙugu, an share gabanta tas. Daidai take da yadda na sha kwatanta ta, har da faffaɗan dutsen da na ce ana turawa a rufe ta daga ciki. Baƙin suka yi tafi da takalmansu a hammata. Na ji daɗi, Nura, ba zan ɓoye maka ba. Na ji daɗi ƙaryata ta fito gaskiya a gaban mutane.

Na sunkuya na leƙa. Ta can ya kamata a ga gangaren dutse, amma fili ne shimfiɗe, gonar da aka gama girbewa, rana tsaka, ba inuwa ko ta kara. Can nesa wasu mata ne durƙushe a jere suna daɓe, irin na ƙasan sabon ɗaki, suna ɗaga hannu tare suna saukewa tare, bakinsu yana motsi kamar masu waƙa, amma ba na jin komai. Ban gane fuskar ko ɗaya ba. A ƙarshen jerin akwai wuri guda da ba kowa.

Iya ta ce, "Sauke ni nan."

Na sauke ta. Ta durƙusa, ta tura ƙwaryarta gaba, ta shiga da rarrafe. Na ce, "Iya, ina za ki?" Na sunkuya zan bi ta, kafaɗuna suka ƙi shiga. Na ce, "Iya, ga ruwan." Sai a lokacin na miƙa gorar ta cikin ƙofar. Ba wanda ya karɓa. Na riƙe ta a haka har hannuna ya gaji.

Can sai hannunta ya dawo ta ƙofar, shi kaɗai, wannan karon na tsohuwa, busasshe, ba lalle. Bai kula gorar ba. Ya lalubi gaban rigata, daidai aljihun da takardar take, ya ja yatsu daga sama zuwa ƙasa. Na duba ban ga alamar komai ba, saboda ƙasar da ke hannun ta bushe. Hannun ya koma. A bayana matar mai littafi tana cewa, "Me wannan yake nufi a al'adarku?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, kuma na san ina da amsa mai daɗi a shirye, sai na farka.

Rana har ta fito, na makara sallah, abin da ban saba ba. Matata ta ce sau biyu tana tashina ina ce mata a bi a hankali, dutsen yana da santsi. Na yi alwala na yi sallah, na fita in gaishe da Iya kamar kullum. Na same ta a tsakar gida a kan 'yar kujerarta, da tsohuwar tukunya a gabanta, ta jiƙa ɓawon ɗorawa, ruwan har ya fara yin ja.

Na durƙusa na ce, "Iya, ina kwana."

Ta ce, "Lafiya lau, maigida. Yau ango ya yi barcin asara."

Na ce, "Me kike jiƙawa haka da sassafe?" kamar ban sani ba.

Ta ce, "Makuba mana, ka makance ne? Kaka ta yi. Masu itace sun ce mini tsagar gabas tana cin yatsa. Bana ko a goye sai ka kai ni Sama. Bangon nan ba zai ga wata damina ba, ni ma ban ce zan gani ba."

Na fara cewa ai hanya, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Idona ya yi rauni, hannun kuma rawa yake. Kai za ka ja layin, ni in riƙe maka wuyan hannu."

Sai na fake da wasa. Na ce, "Haba tsohuwa, ai nawa yatsun cikakku ne, layi huɗu za su fito."

Ba ta ɗago ba, tana juya ɓawon a cikin ruwa da guntun yatsan nan. Ta ce, "Sai ka lanƙwasa ɗaya. Kada ka toshe wa baƙinka ƙofarsu, da ita kake ciyar da yaran nan."

Ban san tun yaushe ta sani ba, ban kuma iya tambaya ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da uwata ta haife ni. Na tashi na ce zan duba akuya, alhali ba mu da akuya tun bara.

To ga inda nake. In na kai takardar nan gobe, za a sa kwaɗo, Iya ba za ta ƙara shiga ɗakinta ba, bangon zai kwanta a bayan waya da allo a gabansa yana cewa ba a san mai shi ba. In na je na sami Malam Idi na gaya masa, na zama mutumin da ya shekara tara yana yi wa kowane baƙo ƙarya, har da wanda ya ba shi aikin, kuma na san zai karɓi sandar nan ya ba wani. Ita kuwa ba ta ce a sa sunanta a ko'ina ba. Ɗakinta kawai take so a buɗe mata, har ta yarda in lanƙwasa yatsa.

Abin da nake so ka duba mini shi ne ruwan nan. Na miƙa shi, amma sai bayan ta shige. Ana nuna mini an riga an makara ne, ko ana nuna mini da sauran lokaci? Matan nan masu daɓe su wane ne, kuma wurin da ba kowa a ƙarshen jerinsu na wa ne? Hannun da ya ja layi a kan aljihuna bai bar alama ba, yafiya ce ko kuwa soke ni aka yi kamar yadda Malam ya ja jan biro?

Makuba kwana uku take kafin ta jiƙu. Mai fenti kuwa gobe da hantsi yake jirana. Kai da ka san mafarki, Nura, me na gani?